Lotsa Bakwai a Motar Mai Agogo

Mai Agogo ya rasu ya bar shago mai faɗin tabarma ɗaya, da matarsa da ake kira Mai Ɗinki, da wata tsohuwar mota ruwan toka wadda dangi suka raɗa wa suna Haƙuri. Sunan bai zo a banza ba. Jikin motar nan ya sha duka ba kaɗan ba. Mutumin da zai ɗauki ƙusar agogo wadda ba ta kai ƙwayar yashi ba, ya sa ta a raminta hannunsa bai yi rawa ba, shi ne kuma aka sani da cewa ba ya wuce bango bai gaisa da shi ba. Bayan 'yan watanni sai a ga ya shigo layi da sabuwar lotsa, ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, "Na sake!" Maƙwabta su yi ta tsiya, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ba shi ke lotsa motar ba. Shekara tara ke nan, duk ranar da ba ya buɗe shago, sai ya ɗauki matarsa su tafi wani fili a bayan tsohuwar masana'anta, ya fita ya ba ta sitiyari. Ita mace ce da za ta iya jure yunwa da ciwo, amma ba ta jure a yi mata dariya. Tun ranar farko ta kafa masa sharaɗi: "In ka faɗa wa ko mutum ɗaya, musamman ƙanen nan naka mai baki kamar rediyo, na daina." Shi ya sa duk ranar da ta yi ɓarna, sai ya biya mai abin a ɓoye, su canja kujera, ya shigo layi ya ɗauki laifin. Har lasisi ta yi, yana nan kwance a aljihun keken ɗinkinta, ƙarƙashin zare.

Wata biyar da rasuwar, Haƙuri tana tsakar gida a lulluɓe da wani mayafi da Mai Ɗinki ta harhaɗa da ragowar yadi. Kullum da safe, bayan ta tabbata get a rufe yake, sai ta yaye mayafin ta shiga ta tayar da injin, ta zauna. Ba ta zuwa ko'ina. Cikin motar har yanzu ƙanshin man agogo yake yi, ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya kuma yana nan inda ya bar shi a gaban motar.

Sai 'yarta da ke aure a wani gari ta kira ta a waya. "Mama, mota in ta zauna lalacewa take yi. Tunda ba mai tuƙawa, ki ba Baba Auta ya riƙa motsa ta."

Baba Auta shi ne ƙanen marigayin, mai shagon fenti. Ya haura hamsin, ga tumbi ga furfura, amma har gobe Auta ake ce masa. Mai Ɗinki ta san halin gidansa sarai: abin da ya shiga can da sunan aro, ya yi aure ke nan. Tsaninsu na ƙarfe ya tafi aron kwana biyu yau shekara shida.

Washegari kuwa sai ga shi da sassafe yana kaɗa hannu.

"Matar Yaya, yafa mayafi mu je. Inshorar Haƙuri ta ƙare. A sabunta, a sa sunana a wurin direba, in sauke ki gida in wuce da ita. Kin huta da share mata ƙura."

"Na ce maka na gaji da sharewa?"

"Ba sai kin ce ba. Mota ba kujerar falo ba ce. Miƙo makulli."

Ta miƙa masa. Ta san in ta yi shiru yau, daga ofishin nan Haƙuri ba za ta sake kwana a gidanta ba. In kuma ta yi magana, shekara tara na ɓoyo sun tashi a banza, Auta ya samu labarin da zai ci har ya tsufa. Ta shiga ɗaki ɗaukar jaka, ta tsaya gaban keken ɗinki. Ta ja aljihun, ta ɗaga zaren, ta jefa lasisin cikin jaka ba tare da ta yanke shawarar komai ba.

A hanya Auta ya riƙa murɗe giya kamar mai jin haushinta. Injin yana kuka, shi yana ba da labari. Ƙafar Mai Ɗinki sai danna ƙasa take yi inda babu komai.

"Sa mata ta uku mana," ta ce, kafin ta kama bakinta.

Ya dube ta ya fashe da dariya. "Iye! Matar Yaya ta san ta uku! Wa ya koya miki, wanda ya rushe rabin garin nan?"

Ta juya fuska taga.

Ofishin inshorar ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, da fanka mai ƙara da fulawar roba da ta sha ƙura. Mai Inshora wani siririn dattijo ne, tabaransa ɗaure da zare a wuya, aljihun rigarsa fari fat da garin alli. Ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata, ya ce ya san marigayin, duk shekara shi ke zuwa da kansa. Sannan ya jawo kofin shayinsa da wani gwangwanin biro ya ajiye su a tsakiyar tebur.

"Hajiya, kofin nan motarki ce. Gwangwanin nan kuma kayan wani ne, ko motarsa, ko katangarsa, ko ƙafarsa." Ya gwara su, ƙwas. "Inshora iri uku gare mu. Ƙaramar, wadda doka ta ce dole, gwangwani kawai take biya. Kofinki kuwa ke da Allah. Ta tsakiya, ita ma tana biyan gwangwani, sannan in kofin ya ƙone ko an sace shi, mu biya ki. Cikakkiyar kuma, har kofin za mu gyara, ko da ke ce da laifi."

"Cikakkiya!" in ji Auta, ya buga tebur. "Mu ba ma yin abu rabi-rabi."

"Wa zai biya?" in ji Mai Ɗinki.

"Haba Matar Yaya, mota da sunanki, in biya in shiga haƙƙinki?"

Mai Inshora ya ɗauki allon rubutunsa ya miƙe. "Ni ba na sayar wa mutum takarda sai na ga mota. Jikin mota ya fi bakin mai ita gaskiya. Mu sauka."

A ƙasa ya zaro alli, ya fara zagaya Haƙuri a hankali kamar likita. Duk inda ya ga lotsa sai ya kewaye ta da alli, ya sa lamba. Ya ce haka yake yi wa kowace mota, don kada gobe a kawo masa tsohon ciwo a ce jiya aka ji shi. Kafin ya gama, Haƙuri ta koma kamar allon makaranta. Bakwai cif.

"Ta ɗaya," in ji shi, ya nuna bayan motar ta hagu. "Me ya faru a nan?"

Auta ya gyara tsayuwa, abin nema ya samu. "Wannan ai tankin ruwan maƙwabta ne! Tanki yana zaune lafiya, Yaya ya bi shi har gida."

"Turken rumfar mai aski ne," in ji Mai Ɗinki.

"Tanki ne."

"Tanki shi ne ta uku. Ga shuɗin fentinsa nan bai fita ba."

Mai Inshora ya duƙa ya duba. Da shuɗi kuwa. Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ya rubuta.

Haka aka yi ta tafiya. Auta ya ce ta biyu keken wani ne, ta ce teburin mai sayar da katin waya ne, kuma mutumin ya tafi cin abinci. Ya ce ta huɗu da yamma aka yi ta, ta ce da hantsi, an yi ruwa ƙasa da santsi. A ta biyar ya gaji.

"Ke wai kina wurin ne?"

"Ana ba ni labari."

Mai Inshora ya buɗe ƙofar baya ya leƙa. Ya ɗauko wani matashi mai kauri, an ɗinke shi da igiyoyi biyu na ɗaurewa a kujera, tsakiyarsa ya lotsa saboda zama.

"Marigayi dai na san shi dogo ne."

"Kamar falwaya," in ji Auta. "Kansa har rufin motar yake taɓawa. Jefar da wannan tsumman, Malam. Ai kujerar bayan ma gaba ɗaya cire ta zan yi. Bokitin fenti goma sha biyu za su zauna a nan, na riga na auna da ido."

"Wannan kuma ya zama motar kasuwanci, takardarta daban," in ji Mai Inshora.

"A'a, kai dai rubuta ta gida. Wa zai sani?"

Mai Ɗinki ba ta ji amsar da aka ba shi ba. Kujerar bayan take kallo. A kanta Mai Agogo yake kwanciya a watanninsa na ƙarshe, ya naɗe dogayen ƙafafun nan, in za ta kai shi asibiti. Daga nan yake ce mata, ido a rufe, "Sa mata ta uku, Direba. Kina jin ta tana roƙo." Ta ga bokitan fenti jere a wurin, fari yana ɗiga.

Ta buɗe jaka, ta ɗauko lasisin, ta ajiye a kan bonet.

"Malam, matashin nawa ne. Ƙafata ba ta kai wa birki sai da shi."

Auta ya riga Mai Inshora ɗauka. Ya duba hoton, ya dube ta, ya juya bayan katin kamar zai ga inda aka rubuta wasa ne.

"Matar Yaya... wannan ai ke ce."

"Ni ce. Mai aski ni ce. Mai katin waya ni ce. Tanki ma ni ce. Daga ta ɗaya har ta shida, duk aikina ne. Yayanka shekara ashirin da bakwai yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba."

Bakin Auta ya buɗe ya kasa rufuwa. Ta jira dariyar, ta ƙanƙame jakarta. Dariyar ba ta zo ba tukuna.

"Ta bakwai fa?" in ji Mai Inshora a hankali. Ita kaɗai ce a gaba, kusa da fitilar dama, 'yar ƙarama kamar an danna da babban yatsa.

Mai Ɗinki ta daɗe tana kallonta.

"Wannan tasa ce," ta ce. "Da ciwon ya ci ƙarfinsa, ni nake kai shi asibiti in dawo da shi. Amma in mun zo kwanar layinmu sai in tsaya, ya lallaɓa ya dawo gaba, ya shigar da ita gida da kansa. Ba ya so a ce ya kasa. Ranar ƙarshe da ya riƙe sitiyarin, hannunsa ya ƙi, ya taɓa ƙarfen get. Ya leƙo ya ce na sake, mutane suka yi dariya yadda suka saba. Da muka rufe get sai ya miƙo min makullin, ya ce, yau dai ban yi musu ƙarya ba."

Auta ya juya baya yana gyaran hular da ba abin da ya same ta. Mai Ɗinki ta sa bakin mayafinta ta goge allin da ke kewaye da ta bakwai.

"Cikakkiyar taku, za ta gyara wannan?"

"A'a, Hajiya. Tsohuwar lotsa ba ma taɓa ta."

"Madalla. Da na ce ba na so."

Suka koma sama. Wannan karon Mai Inshora ya juya kujerarsa gaba ɗaya ya fuskanci Mai Ɗinki, ya bar Auta da fulawar roba.

"To, yanzu da na san direba, sai mu yi awo. Ke tela ce, kin san ba a yanka yadi sai an auna mai riga. Kin taɓa buge abin da ke tafiya?"

"A'a. Abin da ke tafiya ai yana kaucewa."

Ya danne dariya ya rubuta. "Shidan nan duk a baya suke."

"Duk a ribas. In gaba ce, ko kai ba za ka nuna min tuƙi ba. Amma da na sa ribas sai duniya ta juye min, dama ta koma hagu."

"Ina da ina za ki riƙa zuwa?"

Ta yi tunani. Wata biyar ba ta yi wannan tunanin ba. "Kasuwa sayen yadi. Kai ɗinki gidajen mutane. Wata rana in je in ga jikokina, in zuciyata ta yi ƙarfi."

"To ji shawarata, ko da yake cikakkiyar ta fi kawo min riba. Haƙuri ta tsufa. In kika yi mata cikakkiya, kuɗin da za ki zuba cikin 'yan shekaru ya isa ya sayi irinta. In kuma ta ragargaje, Allah ya kiyaye, kuɗinta na kasuwa za mu ba ki, ba kuɗinta na zuciyarki ba. Kuma na lura ke ba mai gyara lotsa ba ce."

"Ado ne."

"Amma ƙaramar ma ta yi miki kaɗan. Tana da iyakar abin da take biya. Jiya teburin mai kati ne a bayanki. Gobe sai ki samu sabuwar motar wani mai kuɗi ce, fitilarta ɗaya ta fi Haƙuri tsada. Abin da ya haura iyakar nan, daga keken ɗinkinki zai fito. Ni a ganina, a nan ya kamata ki sa ƙarfinki: a ɗaga abin da za a biya wa gwangwani."

Mai Ɗinki ta jawo gwangwanin biron gabanta ta dube shi. "A ɗaga. Ni dai kada in kwana da haƙƙin wani. Gobara da sata fa?"

"Ƙarin ba shi da yawa. Wayoyinta sun tsufa, ni da zan ce ki sa."

"Sa. Amma tambaya gare ni, Malam." Ta saci kallon Auta. "In ɗan'uwa ne ya ɗauka aron kwana biyu, aka shekara shida, wannan yana cikin sata?"

"Kai, Matar Yaya!" in ji Auta. "Tsanin nan ai yana nan! Ko jiya na gan shi!"

"Ni ban ambaci tsani ba."

Mai Inshora ya cire tabarau ya goge ido. "Wannan ba ma biya, Hajiya. Amma akwai maganinsa. Saura layi ɗaya a fom: wa zai tuƙa? Ko a rubuta duk mai lasisin da kika ba izini, ko a rubuta suna. In suna ɗaya ne, ya fi sauƙi ma."

"In na ara fa?" in ji Auta.

"In ka ara ka buge wani abu, ba mu san ka ba."

"Rubuta suna ɗaya," in ji Mai Ɗinki.

Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, yadda Mai Agogo ya koya mata lokacin neman lasisi. Ta biya. Mai Inshora ya buga hatimi, ya duba agogon hannunsa ya rubuta lokaci, ya ce daga wannan minti takarda ta fara aiki. Ya haɗa mata da katinsa mai lambar waya, har guda uku.

"Uku kuma na me?"

"Ajiye dai, Hajiya."

A ƙasa ta miƙa wa Auta tafin hannu. Ya saka mata makullin. Ta ɗaura matashinta, ta ja kujera gaba har ƙarshe, ta gyara madubi. Ta yi sa'a motar tana fuskantar titi. Auta ya shiga gefe, ya ja bel ya ɗaura, abin da bai yi ba da suna zuwa, ya kama hannun ƙofa da hannu biyu.

"Matar Yaya, ina da iyali."

"Na san su. Ni na ɗinka musu kaya, ba a biya ni ba."

Haƙuri ta tashi lafiya lau. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ko tari ba ta yi ba. Suka ratsa kasuwa, suka zagaya shataletale, ta tsaya wa wata tsohuwa ta tsallaka. Da suka kusa unguwarsa Auta ya saki ƙofar da hannu ɗaya.

"Wallahi kin fi ni," ya ce, kamar ana cire masa haƙori. Can kuma ya ce, "Shekara tara ina yi wa Yaya tsiya, yana taya ni dariya."

"Yayanka ya ce dariyarka ta fi lotsar tsada," in ji ta.

Ta sauke shi a ƙofar gidansa. Sai a lokacin ta tuna layin Auta ba ya ɓullewa. Dole a juya. Matarsa ta fito bakin get, masu zaman benci a ƙofar kanti duk sun miƙe suna kallon wadda ke riƙe da sitiyari.

"Bari in juya miki," in ji Auta.

"Suna ɗaya aka rubuta."

Ta sa ribas. Ta dubi madubi, ta murza dama. Auta yana ta kaɗa hannu yana ihu, "Ɗaya gefen! Ɗaya gefen!" Ta murza ɗaya gefen, wanda ashe shi ne dai na farkon. Sai ji aka yi ƙwaram! Ƙyauren get ɗin Auta ya lanƙwashe ciki, wani abu dogo da ke jingine a bayansa ya sulalo ya faɗi a tsakiyar titi da ƙara. Tsaninta ne.

Layin ya yi tsit. Mai Ɗinki ta zauna riƙe da sitiyari, kunnenta yana jiran muryar da ta saba ɗauke mata wannan lokacin. Ta dubi kujerar gefe. Ba kowa, sai ɗan gilashin ido ɗaya da ya gangaro yana juyi a kanta.

Ta ɗauke shi ta mayar inda yake. Ta sauke gilashin taga, ta leƙo da kai.

"Na sake!" ta ce.

Dariya ta ɓarke tun daga benci har bakin get, Auta har da riƙe ciki. Ta saurara da kyau, ta ji ashe abin bai kai yadda take tsoro ba. Ta zaro ɗaya daga cikin katunan nan uku ta miƙa masa.

"Ungo, kira Malam. Ka ce masa kai ne gwangwani. Sannan ka naɗe min tsanina ka ɗaura a sama, gida za mu."